Ranar da Na Ce wa Kyaftin A'a a Cikin Gajimare

Ƙarfe goma da kwata na safiyar wata Laraba, a tsakiyar damina, muna sama daidai saitin Kura, a nan al'amarina ya fara karkacewa. Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatun wannan mujalla, kuma ina roƙon a sakaya sunana, don ba sunan ne abin dubawa ba. Abin ya faru ne cikin shekarun alif ɗari tara da tamanin, lokacin ina budurwa, ɗaliba a makarantar koyon tuƙin jirgin sama. Na daɗe ina son in ba da labarin nan, musamman saboda 'yan mata masu irin halina na da, waɗanda aka yi wa tarbiyya mai kyau har ta kai ba sa iya buɗe baki a inda buɗe bakin ya zama dole.

Ni 'yar wani ƙauye ce tsakanin Kura da Bunkure, irin ƙauyukan nan da kanal ya ratsa gonakinsu, rani alkama da tumatir, damina shinkafa. Mahaifina malami ne, yana da makaranta a zauren gidanmu, yana kuma noma kamar kowa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai ya ce uwata. Na tashi shiru-shiru, ba ni da ƙawa sai littafi. In baƙo ya shigo gidanmu, in gaishe shi kaina a ƙasa in sulale ɗaki. A gidanmu ba a mayar wa babba magana, ba a kallon ƙwayar idonsa. In ya ce yau Asabar alhali Lahadi ce, sai ka ce to, ka bari ya gano da kansa. Wannan a nono na sha shi. A makarantar kwana na yi fice a lissafi da labarin ƙasa, wata malamarmu ta dage sai na nemi gurbin karatun jirgi da aka tallata. Da aka ɗauke ni an yi ta surutu a gari, amma Malam ya yi istihara ya ce in tafi, Allah ya tsare.

Bari in ɗan yi bayani don wanda bai san aikin ba. Tuƙin jirgi iri biyu ne. Akwai tuƙi da ido, inda kake ganin ƙasa, kana bin titin mota da kogi da gari. Akwai kuma tuƙi da na'ura, wanda ake yi in an shiga gajimare, ba ka ganin komai sai fari fat. A nan jikin mutum ƙarya yake masa. Sai ka ji kamar jirgi ya karkata hagu alhali a miƙe yake, ko ka ji kana hawa alhali gangarowa kake yi. Abin dogaronka biyu ne kawai, allurorin da ke gabanka da taswirar da ke kan cinyarka. Taswirar jirgi ba irin ta makaranta ba ce. Kowane layi an rubuta masa inda za ka fuskanta, da nisan tafiyar, da kuma wata lamba guda, wato iyakar ƙasan da aka yarda ka sauko. Ƙasa da wannan lambar babu wanda ya lamunce maka cewa ba za ka haɗu da dutse ko dogon ƙarfen rediyo ba. Kowane filin jirgi kuma yana da tasa taswirar sauka a cikin wani ƙaton littafi mai zare-zaren shafuka, wanda ake aiko da gyaransa lokaci-lokaci, ka cire tsohon shafi ka sa sabo.

A wannan fannin babu wanda ya kama ƙafata a ajinmu. Littafina bai taɓa kwana da tsohon shafi ba. Taswirata a linke take yadda ya kamata, na ja layukana da fensir mai tsini, lambobin kuma suna kaina kamar karatun allo. Samarin ajinmu suna kirana Malama Taswira, suna tsokanata wai in aka ɓatar da littafin makaranta ba sai an sayo wani ba, a zaunar da ni kawai in karanto. Da daddare su yi mini dariya, da safe su zo aron littafina. Raunina ɗaya ne, murya. In na danna rediyo zan yi magana da masu hasumiyar filin jirgi, masu ba da izinin tashi da sauka, sai sun ce in maimaita, don kamar mai raɗa nake. Malamaina sun sha yi mini faɗa a kan haka, ni kuma in ce to.

Jarrabawar tuƙi da na'ura ita ce ƙofa ta ƙarshe, kuma sau biyu kawai ake ba mutum dama. In ka faɗi ta biyun, sai ka haɗa kayanka. Wanda zai jarraba ni wani dattijon kyaftin ne, Bahaushe, sa'an mahaifina, wanda ya yi shekaru yana tuƙa manyan jirage kafin ya dawo koyarwa. Mutum ne mai raha, kullum da goro a bakinsa, da ya ga takarduna sai ya raɗa mini 'yar malam. Muka tashi a ƙaramin jirgin makaranta za mu Kano. Sama a washe take ranar, don haka aka sa mini wata hula mai dogon baki wadda ke tare ido, ba na ganin waje sai allurori da taswira. Komai yana tafiya daidai, har na fara jin sanyi a raina.

Sai ƙarfe goma da kwata ta yi. Kyaftin ya leƙa taga ya ce ashe ga mu a kan garinmu, ga kanal nan yana ƙyalli kamar an shimfiɗa azurfa. Ya ce in sauko ƙasa kaɗan ya ga gonar Malam, mutanena ma su ga 'yarsu. Wallahi Edita, a lokacin yatsana yana kan lambar. Na san muna dab da iyakar da taswira ta yarda, na san ko ɗan kaɗan na rage na karya doka. Na buɗe baki zan faɗa, sai na ji nauyin maganar ya danne mini harshe. Dattijo sa'an ubana, wanda ya fara tuƙi tun ba a haife ni ba, ni ce zan ce masa ba a yi? Na ce a raina ai ya fi ni sanin lambar, tunda ya ce a yi, akwai dalili. Kuma ba zan ɓoye ba, akwai son gida a ciki. Sai na ce to Yallaɓai, na rage totur. Ina kallon allurar tana gangarowa ta wuce lambar, ta ci gaba da wucewa, ban ce uffan ba.

Can sai ya ce ya karɓi jirgi, in cire hular in sha kallo. Na cire. Ga babban kanal, ga ƙananan da suka balle daga jikinsa, ga fadamun shinkafa cike da ruwa, ga tsamiyar bakin kasuwarmu, ga masu dashe sun miƙe tsaye suna ɗaga hannu. Ya zagaya garin sau ɗaya, ni kuwa har da murmushi. Daga nan maimakon ya miƙa arewa zuwa Kano, sai ya juya kan jirgi ya nufi inda muka fito. A nan na gane akwai matsala. Da muka sauka ya yi 'yan rubuce-rubucensa, ya karɓi taswirata ya juya ta gaba da baya, ya ce bai taɓa ganin taswira mai tsabta irin wannan a hannun ɗalibi ba, abin tausayi kawai shi ne mai ita ba ta yarda da ita ba. Ya ce na faɗi, in dawo ƙarshen watan Agusta. Na ce to Yallaɓai, na gode. Ko a nan ma to ɗin na ce.

A ɗaki na yi kuka har idona ya kumbura, kuma ba kukan nadama ba ne, kukan wadda aka zalunta ne. A ganina a lokacin, ta yaya babba zai ba ka umarni, ka bi, sannan ya hukunta ka a kan biyayyar? Da wannan ƙullin a zuciya na shiga motar gida, don an ba mu hutu.

Abin da na tarar a gida ya fi faɗuwar ciwo. Tun daga bakin kanal aka fara tare ni. Jiragen makarantarmu sun saba wucewa can sama kamar shirwa, amma ba a taɓa ganin wanda ya sauko ya zagaya garin ba, don haka kowa ya san ni ce. Mata suna guɗa, maƙwabta suna shigowa barka. Yayana ya mayar da labarin abin hirar majalisa, kullum jirgin ƙara saukowa yake a bakinsa, har ya kai ga cewa iskarsa ta kwantar masa da dashe. Kakata ta wajen uwa kuwa, wadda muke wasa da ita, ta rantse ta hango gyalena ta taga. Ta ce ita fushi take, na bi ta saman kanta da takalmi ko sannu babu, kajinta kuma tun ranar suka daina ƙwai don firgita, ta ce in dai haka matuƙa suke to ita gara ta ci gaba da hawa jaki. Kowa na dariya, ni ma ina yaƙe. Lokacin da suke yi wa murna shi ne daidai lokacin da na faɗi, kuma na kasa gaya wa kowa. Inna ta yi mini dambun shinkafa da zogale, abin da na fi so, na tsakura na ture.

Malam kuwa yana lura da ni. Wata safiya bayan sallar asuba ya aiko a kira ni zaure. Ya ce idonsa ya fara rauni, yana so in riƙe masa Alƙur'ani in bi shi da ido yayin da yake tilawa da ka, ko da zai yi tuntuɓe. Na yi alwala na zauna a gefen buzunsa. Ya fara karatu da muryarsa mai sanyi, ina bi layi-layi. Can sai ya tsallake aya guda. Na gani sarai. Na ɗaga kai na dube shi, idonsa a lumshe, na mayar da kaina ƙasa. Ya ci gaba, ya zo wata gaɓa ya ɗauko ƙarshen wata aya mai kama da ita ya sa a nan. Nan ma ban gyara masa ba. A karo na uku sai ya tsaya cak, ya buɗe ido, ya ce uwata, ba ki gani ba ne? Na ce na gani. Ya ce har sau nawa? Na ce uku. Ya ce to me ya rufe miki baki? Na ce Malam, ni wace ce da zan gyara maka karatu.

Na san yana yi wa manyan ɗalibansa irin wannan gwajin, na sha jiyowa ta bayan katanga, amma ban taɓa zaton zai yi mini ba. Bai ɗaga murya ba. Ya ce da ya miƙo mini Littafin, idonsa ya ba ni aro, wanda kuwa aka ba amanar ido ya ga rami ya yi shiru, ba ladabi ya yi ba, cin amana ya yi. Ya ce a masallaci in liman ya yi kuskure, ko wanda ke sahun ƙarshe ne ya gyara masa, liman godiya yake yi, don ba shi ake bi ba, abin da ke rubuce ake bi, shi ma bi yake yi. Ya ce kunya ado ce, amma ba a ɗaura ado a inda zai shaƙe mutum. A nan na fashe da kuka na kwashe labarin jirgi kaf na gaya masa, har da ƙorafina cewa an zalunce ni. Sai na ga Malam yana dariya har da share ido. Ya ce lallai wannan kyaftin ya taɓa zama gaban malamin kirki. Ya ce mutanen gari kuma a bar su da murnarsu, ba sai an ɓata musu ba, in Allah ya so za ta zama gaskiya.

Daga ranar, kullum bayan asuba ina zaure. Zai yi kuskure da gangan, dole in tsayar da shi da murya mai fita, in na yi raɗa ya yi kamar bai ji ba ya wuce. Da na fara sabawa sai ya ƙaro wani abu, in na gyara sai ya haɗe rai ya ce ni zan gaya masa, shi da ya haddace tun kafin ya auri Inna? Ranar farko da ya yi haka na ce a yi haƙuri, na janye. Ya ce a sake. Sai da na koyi in ce Malam a gafarce ni, ga layin nan, ba haka aka rubuta ba, in kuma tsaya a kan maganata ko ya harare ni. Inna tana jiyo mu daga madafa, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin uban da ke zaunar da 'yarsa yana koya mata musu ba, in na saba a kansa kada ya kawo mata ƙara. Malam ya ce ai ba musu yake koya mini ba, riƙon amana ne. Da rana kuma in shimfiɗa taswirorina a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, ina bin hanyar Kano da yatsa, ina faɗin kalaman rediyo da ƙarfi, awaki suna kallona.

Na koma makaranta a ƙarshen watan Agusta, lokacin da ruwa ke sauka ba sallama. Ranar jarrabawa sama ta yi nauyi. Masu duba yanayi suka ce gajimare ya sauko sosai a Kano, amma bai kai a hana tafiya ba. Na duba littafina na tabbatar shafin Kano sabo ne, na sa an ƙara mai yadda zai ishe mu jira a sama har da komowa gida in sauka ta gagara. Kyaftin ɗin nan dai shi ne, da goronsa. Ya ce 'yar malam an sha hutu, yaya su Malam, yaya shinkafa? Na ce lafiya lau Yallaɓai. Na san wannan ce damata ta ƙarshe. In na faɗi, zan koma garin da ya riga ya yi mini guɗa in gaya musu ba a gama ba, kuma ba za a gama ba.

Da muka iso saitin Kura na shirya tsaf, amsata tana kan harshe, ina jira ya ce a sauko. Shi kuwa goronsa kawai yake ci. Jim kaɗan muka shige cikin gajimare na gaske, ya miƙo hannu ya cire mini hular ya ce yau Allah ya hutar da ita. Fari fat ko'ina, ruwa yana dukan gilashi, jirgin yana tsalle kamar amalanke a kan kunya. Jikina ya fara gaya mini mun karkata hagu, allura ta ce a miƙe muke, na bi allura. Masu hasumiyar Kano suka ba mu izinin gwada sauka. Na buɗe taswirar sauka na bi ta daki-daki. Na ratsa ta kan tashar da ke aiko wa allurata sigina, na miƙa waje, na juyo, na fara gangarowa mataki-mataki yadda aka tsara. Taswirar sauka ma tana da tata lambar. In ka sauko kanta ba ka ga titin jirgi da idonka ba, ba ka da izinin ƙara ko taku ɗaya, sai ka tashi sama ka bi hanyar da aka zana maka ta fita. Na iso kan lambar na tsayar da jirgi a nan. Na ɗaga ido, babu titi, babu ƙasa, babu komai.

Sai na ji ya rufe fayil ɗinsa. Ya ce shi ke nan, jarrabawa ta ƙare, na ci, Allah ya sanya alheri. Yanzu kuma in ɗan ƙara saukowa kaɗan, titin yana nan ƙarƙashinmu, ya hango ƙasa ta gefensa. Ya ce filin nan ya san shi kamar tsakar gidansa, kada in tsaya ɓata mai da lokaci, yana da ɗaurin auren 'yar ƙaninsa a cikin gari kuma shi ne waliyyi. Babu wasa a muryarsa ko kaɗan, ba irin muryar ranar Kura ba ce. Abin da ya fi rikita ni shi ne, mai yiwuwa gaskiya yake faɗa. Mai yiwuwa titin na nan, mai yiwuwa na ci ɗin, in kuma na ƙi masa yanzu ya fusata ya yaga takardar, wa zan kai wa ƙara? Duk wannan tunanin bai fi ƙiftawar ido ba, don jirgi ba ya tsayawa jiran mai shawara. Na ji to ɗin nan tawa ta taso har maƙogwaro.

Na haɗiye ta. Na ce Yallaɓai a gafarce ni, ban ga titi ba, taswira ba ta ba ni izini ba, zan tashi. Na danna totur har ƙarshe, na ɗaga hancin jirgi, na juya inda taswira ta ce a juya. Na danna rediyo na gaya wa hasumiya mun fasa sauka, da wata murya da ban san ina da ita ba, kuma ba su ce in maimaita ba. Kyaftin ya daka mini tsawa. Ya ce wa ya koya mini wannan rashin kunyar, shi zan mayar ƙaramin yaro, ashe 'yar malam ɗin ta baki ce? Idona bai bar allura ba. Na ce Yallaɓai, in yana so ya ce ya karɓi jirgi, yanzu zan sakar masa, wannan ikonsa ne. Amma muddin yana hannuna, ba zan sauka ƙasa da abin da aka rubuta ba. Na jira in ji ya ce ya karɓa. Bai ce ba. Ya juya fuskarsa ga taga, inda babu abin kallo sai fari.

Hasumiya ta ce mu je mu jira a kan tashar. Muka yi ta zagaye a cikin gajimare, ba ka jin komai sai ƙarar inji da ta ruwa. Ina lissafin mai, ina lissafin iska, ina kuma lissafin yadda zan shiga garinmu da akwatina a ka. Amma wani abin mamaki, zuciyata a kwance take. Na ce ko an kore ni, yau dai na tuƙa jirgi da kaina. Bayan wani lokaci ruwan ya tsagaita, hasumiya ta ce gajimaren ya ɗan ɗaga, mu sake gwadawa. Na sake bin taswirar tun daga farko kamar ban taɓa bi ba. Na gangaro, na gangaro, ina dab da lambar sai farin ya yage kamar tsohon zane, ga fitilun titi sahu biyu sun miƙe a gabana, daidai inda taswira ta ce za su kasance. Na ajiye jirgin nan a hankali, tayoyin suka taɓa jiƙaƙƙen titi ko girgiza babu. Alhamdu lillahi kawai nake maimaitawa a zuci.

Kafin in faɗi yadda muka ƙare da Kyaftin, ga dalilin da ya sa na rubuto. Har yau ban sani ba ko titin yana ƙarƙashinmu a karon farko, kuma na gane ba shi ne abin tambaya ba. Wanda ya sauko a makance ya dace, ba gwani ba ne, mai sa'a ne, sa'a kuwa ba ta yi wa kowa alkawari ba. Na yi nadamar shekarun da na ɗauka ina zaton shiru shi ne ladabi. Ina kira ga 'yan'uwana mata, da ma samari masu nauyin baki, ko a asibiti kuke aiki, ko a ofis, ko a gaban injin, in an damƙa muku abin da ran mutane ya rataya a kansa, kuka ga babba zai kauce wa abin da ke rubuce, ku faɗa. Ku faɗa da ladabi, ku rusuna in kuna so, amma ku faɗa da muryar da za a ji, kuma kada ku janye don an haɗe muku rai. Iyaye kuma, in kuna koya wa 'ya'yanku cewa to, ku koya musu inda ake cewa a'a, don wata rana ranku ne zai kasance a hannunsu.

Da na kashe inji, Kyaftin ya sauka bai dube ni ba, ya nufi ginin filin jirgi cikin yayyafi. Na rungumi littafina da taswirata na bi bayansa. Ni da ban taɓa tambayar babba abin da bai gaya mini ba, sai ga ni na sha gabansa a bakin ƙofa. Na ce Yallaɓai, don Allah abin da ya faru a sama gwaji ne ko da gaske yake? Ya tsaya ya dube ni, ruwa yana ɗiga daga hularsa. Ya ce rabi gwaji ne, rabin kuma tsoho ne da ya gaji yana son ya isa gida, kuma wannan rabin na biyu ya kashe matuƙan da suka fi shi ƙwarewa, shi ya sa yake neman wanda zai iya zama kusa da irinsa ya ce masa a'a. Na ce to yanzu na ci ko na faɗi? Sai ya yi murmushi ya ce, 'yar malam, mahaifiyarsa tana nan da ranta, ba ta taɓa yarda ta hau jirgi ba sai in shi ke tuƙi, amma daga yau zai iya zaunar da ita a bayana, ya rufe ƙofa da hannunsa, ya koma gida ya yi barcinsa.